Ciwon Daji a Boɗinga da Shagari: Jinyar da Ba Ta Shiga Lissafi

A watan Yulin 2025 ne Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya buɗe sabuwar cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ɗaya daga cikin guda shida da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin samarwa a faɗin ƙasar nan. Ko shakka babu wannan abin a yaba ne, domin duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa neman na'urar gashi daga Sakkwato zuwa Zariya ko Abuja ya san abin da ƙarin na'ura guda ke nufi a Arewa. Alƙaluman hukumar binciken sankara ta duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai mutum 127,763 ne suka kamu da cutar a Nijeriya, 79,542 kuma suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba da mutum sama da 32,000, ta bakin mahaifa kuwa ta haura 13,000.

Sai dai waɗannan alƙaluma wanda ke kwance kaɗai suke ƙirgawa. Ba su san da matar da ta bar ɗakinta wata huɗu tana kwana kan tabarma a barandar asibiti ba, ba su san da gonar da aka jinginar ba, balle yarinyar da aka cire daga makaranta don ta riƙe tukunya. A sana'ata ta nazarin harshe na daɗe ina mamakin kalmar majinyaci, wadda Bahaushe kan kira marar lafiya da ita, ya kuma juya ya kira mai kula da shi da ita. Ɗalibai sukan ɗauki wannan a matsayin rauni a harshen. Ni kuwa tun da na ga abin da ciwon daji ya yi wa wani gida da nake da alaƙa da shi, na daina yi wa kalmar kallon mai rauni, domin a gidan nan ban iya rarrabe wanda ya fi wani jigata ba.

Matar da nake nufi 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Boɗinga, ba nisa da Sifawa. Ba ta kai shekara arba'in ba, 'ya'yanta biyar. Tana shayar da autanta ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, ta ɗauka daskarewar nono ce. Da abin ya ƙi bajewa sai ta gaya wa mahaifiyarta, ba mijinta ba, kuma wannan shi ne matakin farko na jinkiri. Tsohuwar ta duba ta ce daji ne, ta kuma yanke hukuncin da kowa a yankin ya haddace, da bakin Sakkwatawa: daji bai son ƙarhe. Aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Daga ƙauyensu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo bai kai tafiyar awa guda a mota ba, amma sai da ta shafe fiye da shekara kafin ta yi wannan tafiya, lokacin da wurin ya riga ya fashe.

Ya kamata mai karatu ya tsaya kan wannan suna, daji. Girkawa da Larabawa da ƙaguwa suka kwatanta cutar, saboda yadda take miƙa ƙafafu cikin tsoka. Bahaushe kuwa ya jingina ta ga daji, inda ikon sarki da na liman ba ya kaiwa, mazaunin iskoki da namun dawa. Abin da ya fito daga can, a tunanin mai wannan suna, ba a tunkararsa da allura ko aska, sai dai a lallashe shi da saiwa da ganye. A 1978 marubuciyar nan ta Amurka, Susan Sontag, wadda ita ma ta yi fama da sankarar mama, ta wallafa littafi guda kan yadda sunaye da kwatancen da ake laƙaba wa cuta ke ƙara wa mai ita azaba. Da ta ji namu sunan, da ta ƙara babi. Abin takaicin shi ne wannan camfi yana ciyar da kansa da kansa. Ana ƙin asibiti har cutar ta bazu zuwa hanta ko ƙashi, sannan a kai mutum a yi masa aiki, bayan 'yan watanni ya rasu, sai a dawo zaure a ce ai dama an faɗa, ƙarfe ne ya tunzura ta. Gawar da jinkiri ya jawo ita ce hujjar jinkirin gaba. Likitocinmu sun sha nanata cewa mafi yawan masu sankarar mama a ƙasar nan sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu suke zuwa, alhali a matakin farko ana warkewa.

Ga kuma kunya, wadda muke alfahari da ita, kuma ta cancanci alfahari a muhallinta. Cututtukan dajin da suka fi kashe matanmu sun zaɓi gaɓoɓin da harshenmu ya fi sakayawa. Macen da ke ganin jini bayan kwanciyar aure, ko ruwa mai wari da ya ƙi ɗaukewa, waɗanda alamomi ne na sankarar bakin mahaifa, da wace kalma za ta buɗe zancen gaban mijinta, ko gaban ma'aikacin lafiya namiji wanda sa'an ɗanta ne? Sai ta ce ciwon mara, a ba ta maganin sanyi ta koma gida. A nan ne cutar ke fara cin auren tun kafin a san sunanta. Jinin yana rikita mata lissafin sallah da azumi, warin yana sa ta janye jiki daga mutane, ta daina zuwa suna da biki. Idan gidan mata biyu ne ko uku, ranar girkinta ta zama abin fargaba, har wata rana ta wayi gari ta ce ta yafe kwananta. Mai gida ya karɓa da godiya, a ganinsa an sauƙaƙa masa. A tsarin gidan Bahaushe kuwa, macen da ta fita daga jerin girki ta sauka daga wani matsayi, ko da igiyar aurenta na nan daram.

Adalci ne a faɗi cewa kishiya ba kullum ce dodon da ake zanawa ba. A gidan da nake ba da labari, abokiyar zaman ce ta yaye autan, ita ce ta riƙa wanke tsummokaran da 'yan'uwan jini suka riƙa kauce wa.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda kowa ya sani. Maganin da ake ƙara wa mai sankarar mama ta jijiya yawanci duk bayan mako uku ne, sau shida zuwa takwas, gashi kuma kwana biyar a mako har tsawon makonni. Kowace tafiya da kuɗin mota na mutum biyu, da gwajin jini, da abinci, kafin a zo ga maganin kansa, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Na lura da jerin yadda dukiya ke fita a irin wannan hali, kuma jerin ba ya canzawa: tumakin matar ne farko, sai gadonta da kwanukan jerenta, sai 'yan kunnen da ta gada. Sai waɗannan sun ƙare ake duban rumbu, sannan gona. Ranar da aka zo kan gona, ranar ce dangin miji suka fara tambayar ko ba gara a kai ta gida ta yi jinya ba.

A kai ta gida. Wannan 'yar jimla ta ishi mai nazari darasin zango guda. Macen da ta shekara ashirin a ɗakinta, ta haifi biyar, ashe har yanzu gidanta na wani wuri dabam, kuma ciwo ne ke tuna wa kowa hakan. Al'adar tana da fuska mai kyau, domin babu mai jinyar ɗiya kamar uwa. Amma sau da yawa abin da ake mayarwa gidan iyaye har da ɗawainiyar kuɗi, kuma zuwa dubiya kan ragu daga kullum zuwa Juma'a-Juma'a, daga nan sai saƙon gaisuwa. Ba a furta saki ba, ba a kuma ci gaba da aure ba. Wannan hali bai keɓanta da mu ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, kan mutum 515 masu fama da sankara ko wata cuta mai tsanani ta jijiyoyi, ya gano cewa aure ya mutu a kashi 20.8 cikin 100 idan matar ce ba ta da lafiya, amma kashi 2.9 kacal idan mijin ne. Bambancinmu da su shi ne a can matar tana da inshora da albashinta, a nan kuwa mijin ne inshorar.

Akwai wata magana da na ji ana fakewa da ita a zaure, wai ai shari'a ba ta ɗora wa miji maganin matarsa ba. Maganar tana da asali, kuma bai kamata a yi musunta da jahilci ba. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaihu Khalil da ake karantawa a zaurukanmu, bai sanya magani cikin ciyarwar da alƙali zai tilasta wa miji ba. Sai dai tun a cikin mazhabar an ruwaito saɓanin haka daga Ibn Abdil Hakam, kuma malaman wannan zamani irin su Shaihu Wahba Zuhaili sun yi bayanin cewa magabata sun yi hukunci ne a lokacin da magani bai zama larurar rayuwa kamar abinci ba, yanzu kuwa ya zama. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙaninsa Abdullahi ya zauna a Boɗinga, ba ta rasa waɗanda za su zauna su warware wannan mas'ala su karanta ta a kan mumbari ba. Shehun da ya yi kakkausan suka ga mazan da ke barin matansu cikin jahilci, da wuya a ce koyarwarsa ta yarda a bar su cikin ciwo.

Maza ma ba su tsira ba, illa dai nasu ciwon ta wata ƙofa yake shigowa. Binciken da likitocin asibitin koyarwa na Sakkwato suka wallafa a 2007 ya nuna cewa sankarar mafitsara ce ta fi yawa tsakanin mazan da aka gwada a yankin, saɓanin sauran sassan ƙasar, kuma sun danganta hakan da tsargiya. Duk wanda ya tashi kusa da fadama ko madatsar ruwa irin ta Shagari ya san yaran da ke fitsarin jini bayan wanka a gulbi, har wasu iyaye na ɗaukar abin alamar balaga. Ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru suna gurza ta, sai mutum ya manyanta abin ya rikiɗe, alhali ƙwayar maganin tsargiya mai arha ce, sau da yawa ma kyauta ake rabawa a makarantu. A nan dole in yi wa abokaina 'yan jarida ƙorafi: sun saba kiran sankarar prostat da sunan sankarar mafitsara, ga kuwa cututtuka biyu ne mabambanta, kuma a jihar da ta mafitsarar ta gaskiya ke kisa wannan sakaci ba ƙarami ba ne.

Magidancin da aka sa wa robar fitsari, yana yawo da jaka ƙarƙashin riga, yakan fara da janyewa daga sahun farko a masallaci saboda shakkar tsarkinsa, sannan ya daina zama majalisa. Mutumin da gida ke ci daga hannunsa ya koma mai miƙa hannu ga ɗansa. Wasu sukan huce takaicin kan matan da ke jinyarsu, faɗa kan gishiri, faɗa kan ruwan wanka. Matan kuma ba su da inda za su kai ƙara, domin wa zai saurari mai kukan marar lafiya? Ban taɓa jin an ce a mayar da namiji gidan iyayensa jinya ba.

Wani ɓangaren da ya fi damuna shi ne shirun da ke kewaye marar lafiya. Gaisuwar dubiya a Hausa tambaya ce mai amsa guda. Yaya jiki? Da sauƙi. Ko mutum yana kan gargara, da sauƙi zai ce, idan ya kasa magana na kusa da shi ya amsa masa. Tsarin gaisuwar bai bar gurbin da mutum zai ce ina jin tsoro ba, ko ya ce ban yi barci ba don tunanin wanda zai riƙe mini yara. Idan ya kuskura ya fara, sai a tare shi da a yi haƙuri, a bar wa Allah, kalmomi na gaskiya waɗanda a bakin mai gaggawa suke zama murfi. Haƙuri da tawakkali ginshiƙai ne da na ga sun riƙe mutane a inda babu abin da zai riƙe su, amma Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ba a kuma cire shi daga masu haƙuri ba. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa cuta ce mai magani, tana kama masu sankara da masu jinyarsu, mu kuwa sai mu ce wance ta cika shiru kwanan nan.

Daga wannan shiru ne ɓoyon ke tasowa. 'Yan'uwa su ja likita gefe su roƙe shi kada ya faɗa mata, sai kowa a gidan ya san sunan ciwon ban da mai shi. Niyyar kyakkyawa ce, sakamakon ne ba shi da kyau. Matar da nake ba da labari ta gane da kanta, daga yadda aka daina yi mata faɗa da yadda baƙi suka yawaita, amma da yake an ɓoye mata ita ma sai ta ɓoye musu cewa ta gane. Haka aka yi watanni kowa na lallashin kowa da ƙarya. Akwai bashin adashi da take son a biya, akwai 'yar'uwar da suka yi shekara ba sa magana, akwai wadda take so ta riƙe autanta. Ɗaya kawai ta samu ta faɗa. Musulmin da aka hore shi da rubuta wasiyya da neman yafiya, bai kamata a hana shi sanin lokacin da ya fi bukatarsu ba. Matsalar ita ce isar da irin wannan labari gwaninta ce da ake koyo, likitocinmu kuwa da Ingilishi aka koya musu ita, idan ma an koya, ga layin mutum hamsin na jira a ƙofa.

To, me hukuma ta tanada? A 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta prostat, aka fara da asibitoci shida, ciki har da na Zariya da na Gombe. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, Jihar Sakkwato ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. A 2023 cibiyar bincike da maganin sankara ta ƙasa ta fara aiki, aka kuma naɗa Usman Malami Aliyu, likitan da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Sakkwato, ya shugabance ta. A watan Oktoban shekarar aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kyauta. A 2024 kuma aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, daga maƙwabtanmu, ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, karon farko ga ɗan Afirka. Ba za a ce ba a yi komai ba, kuma ba za a ce babu namu a inda ake yanke shawara ba.

Amma duk waɗannan daga ƙofar asibiti suke farawa, alhali a Kajiji ko Dandin Mahe ana yin nasara ko asara ne tun a tsakar gida. Asusun da ke biyan kuɗin magani bai san kuɗin mota ba, kuma rashin kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mace ta tsallake allura ta uku ta huɗu, abin da ke mayar da na farko aikin banza. A ganina abin da gwamnatin jiha za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba shi ne ta gina masauki kusa da asibitin koyarwa don masu zuwa gashi daga ƙauyuka da masu jinyarsu, da ɗan abin tafasa ruwa da wurin wanki. Kuɗinsa bai kai na shatale-talen da ake ƙawata birni da shi ba. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi su samu ma'aikaciyar jinya mace da aka horar kan duba mama da bakin mahaifa, da ranar da kowa ya sani a mako, a kuma sa ungozomomi da malaman Islamiyyar matan aure cikin aikin, domin su ne mace ke iya buɗe wa baki. Maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi irin su mofin ya sauko kusa da jama'a bisa kulawar likita, saboda iyalin da suka kwana suna jin ihun mahaifiyarsu ba sa mantawa har abada. Mu kuma na sassan Hausa a jami'o'i muna da bashi a wuyanmu: mu zauna da likitoci mu fitar da kalmomin da za a faɗa wa mutum gaskiyar ciwonsa ba tare da an kashe shi da baki ba. Mun yi taruka da yawa kan yadda za a fassara kwamfuta.

Mai karanta wannan shafi ma yana cikin labarin, ko ya so ko bai so ba. Shi ne ɗan'uwan da ke birni mai albashi, wanda ake bugo wa waya bayan an gama da masu ganye, wanda falonsa ke zama masauki, wanda matarsa ke dafa abincin asibiti wata da watanni har nasu auren ya fara tsami. Na san wannan domin falona ne ya zama masaukin. Na kuma san cewa na je ƙauyen sau biyu a cikin shekarar da take ɓoye ciwon, na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, na karɓa na wuce, duk da na ga yadda take riƙe hannunta na hagu.

Ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Gonar tana hannun wanda aka jinginar wa har yau. Babbar ɗiyarta, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare lokacin da aka ce ta ɗan zauna gida har mahaifiyarta ta samu sauƙi, ba ta koma ba, kuma da na je ta'aziyyar arba'in na tarar ana maganar kai kuɗin aurenta.